Dashen Hamidu a Bahar Maliya

Idan ka shigo Batsari ka tambayi Hamidu mai raguna, za a ce maka wanne daga ciki. Amma ka ce Hamidu Sarkin Ruwa, kowa zai nuna maka gidan da ke bayan masallacin unguwarmu, inda raguna ke ɗaure a ƙarƙashin darbejiya. Ni na laƙaba masa wannan suna, kuma da tsiya na laƙaba shi, tun muna yara a rugarmu ta Babban Duhu. Sunana Suwaiba. Shi ɗan kawuna ne, ni 'yar goggonsa, wato taubasai muke, don haka abin da na ga dama shi nake faɗa masa, ba mai shiga tsakaninmu.

Dalilin sunan kuwa, ban taɓa ganin mai tsoron ruwa irinsa ba. Akwai wani rafi a bayan rugarmu wanda da damina yakan kai ƙirjin saniya. Mu 'yan mata mukan tsallake shi da ƙwaryar nono a ka, muna hira. Shi kuwa Hamidu sai ya nemi wutsiyar wata karsana ya damƙe da hannu biyu, ya runtse ido, yana karanto duk addu'ar da ya sani har da ta shiga kasuwa. In karsanar ta fito da shi gaɓa, sai ya kakkaɓe riga ya ce dama gwada ƙarfinta yake yi. Wannan mutum ne Allah ya kai teku, don ikon Allah ba ya shawara da kowa.

Kafin teku, sai na faɗi abin da aka san gidansu da shi, don a kansa komai ya rataya. Mahaifinsa, Kawu Hamma, wanda shi yake kira Baffa, yana da wata doka. In shanunsa suka shiga gonar wani, ba ya jira mai gona ya zo da sanda. Yakan killace shanun, ya tafi da ƙafarsa ya nemo mai gonar, su tsaya tare a kan ɓarnar. Daga nan sai ya tuɓe riga. Karan da ya kwanta ya tayar da shi ya tara masa ƙasa, inda aka cinye ya nemo dashe ya cike gurbin. Kuma ba ya barin gonar nan, yau ya zo gobe ya dawo, sai mai ita ya sallame shi da bakinsa.

Na ga wannan da idona sau ɗaya. Wasu 'yan maruƙa sun tsinke dangwali, igiyar da ake jera su a kai, suka faɗa dawar wani manomi mai suna Sule a hanyar Runka. Kawu ya ja Hamidu suka tafi. Suka tayar da kara, suka yi dashe, suka riƙa komawa suna cire ciyawa, har abin ya ishi Sule. Ran nan ya tarar da su tsugune a kunyarsa, ya ce, "Haba Hamma, wai gonar nan tawa ce ko taka? Don Allah tashi ka ba ni wuri." Kawu ya miƙe yana murmushi, ya ɗauki sandarsa, ya ce wa Hamidu yanzu an sallame su. Saboda wannan hali rugarmu ta zauna a tsakiyar manoma shekara da shekaru ba a taɓa kai mu gaban mai gari ba. Ana cewa gidan Hamma ba sa barin ɓarna a bayansu.

Sai daji ya lalace. Ba zan tsaya a kan wannan ba, duk wanda yake yankin Safana da Batsari ya san abin da nake nufi, kuma kowa yana da nasa labarin. An kora shanun Kawu kaf, ba a bar ko maraƙi ba. Muka loda abin da ya rage a bayan a-kori-kura muka shigo Batsari. Kawu bai yi shekara a cikin gari ba. Mutumin da ya saba yana buɗe ido ya ga garke, yanzu sai bangon siminti. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ina wurin lokacin da ya ce wa Hamidu, "Ban bar maka ko saniya guda ba. Amma ba wani mahaluƙi da zai ce mun ci mashi gona mun wuce. Wanga shi ne gadonka, ka riƙe shi."

Bayan rasuwar, wani ɗan garinmu ya yi wa Hamidu hanyar aikin kiwon tumaki a wata ƙasar Larabawa da ke bakin Bahar Maliya. Ya bar matarsa Fanta da 'yarsu Zahra'u tana rarrafe. Abin da ya biyo baya daga bakinsa na ji shi, wani ta waya, wani bayan ya dawo, kuma na sa shi ya maimaita mini har na haddace.

Mai tumakin attajiri ne, yana kuma da jirgin ruwa na shaƙatawa, fari fat, mai ɗakunan kwana da kicin a ciki, ba ya ɗaukar kaya ba ya kamun kifi, yawo kawai. Da ma'aikacin jirgin ya bar aiki, sai aka duba aka ga wani dogon Bafillace mai ƙarfi wanda ba ya ƙorafi, aka ce ya koma can. Da Fanta ta gaya mini, na yi dariya har sai da na riƙe ciki. Na ce a tambaye shi ko jirgin yana da wutsiya.

Allah ya taimake shi da matuƙin jirgin, wani dattijo Sharfaddeen, jikan mahajjatan da suka tafi a ƙasa tun zamanin da, suka zauna a can. Yana jin Hausa, irin ta tsofaffi. Shi ya koya wa Hamidu aikin anga. Anga wani ƙaton ƙarfe ne mai baki kamar garma, ɗaure da sarƙa, wanda ake saki zuwa ƙasan ruwa don jirgi ya tsaya wuri ɗaya. Turken jirgi ke nan. Matuƙi yana baya yana riƙe da sitiyari, mai anga yana tsaye a goshin jirgi yana duban ruwa, in aka ɗaga masa hannu ya saki.

Hamidu ya ɗauki karatun da sauri. An ce masa kafin a saki anga a duba da'irar da jirgi zai zagaya in iska ta juya, kada ya bugi wani jirgin ko ya hau kan masu nutso. Ya ce wannan ai ko akuya ta sani, duk abin da igiyarta ta kai shi take ci. An ce masa a saki sarƙa mai tsawo, ninkin zurfin ruwan sau da yawa, don ta kwanta a ƙasa ta ja angar a kwance. Ya jinjina kai, ya karɓa. An ce masa ya karanci launin ruwa: inda ya yi haske rairayi ne a ƙasa, inda ya yi duhu murjani ne, kuma har abada a kan rairayi ake sakin anga, don a nan take nutsa bakinta ta kama.

A nan ne Hamidu ya ce to da baki, zuciyarsa ba ta ce to ba. Duk wanda ya tashi a ruga ya san rairayi ba ya riƙe turke. Ka kafa shi a rairayi, ɗan maraƙi ma zai tuge shi ya tafi yana jansa. Turke ƙasa mai tauri yake so, in ka samu tsaguwar dutse ma ka huta. Murjanin nan kuwa da yake hangowa daga sama, a idonsa duwatsu ne masu ruwan ƙasa. Sharfaddeen ya taɓa ce masa, "Ɗana, ƙarƙashin nan gona ce." Ya ɗauka barkwancin tsofaffi ne. A wuraren da suka saba tsayawa rairayi ne ko'ina, don haka maganar ba ta taɓa tashi ba.

Ta tashi ne ranar da mai jirgin ya kwaso jikokinsa aka nufi wani tsibiri da ke cikin gandun teku. Kamar yadda muke da gandun daji, haka su ma suke da wurin da hukuma ta killace a cikin ruwa, ba a kamun kifi, ba a ɗaukar ko ɓawon katantanwa. Tsibirin yana da farar gaɓa inda masu nutso ke zuwa daga ƙasashe su goya tulun iska su sauka kallo. Masu gadin gandun sun kafa wasu manyan ƙwallaye masu shawagi da ake ɗaure jirgi a jikinsu, don kada kowa ya jefa anga. Ranar duk an kama su. Sai ya zamana dole su tsaya a wani filin rairayi da aka yarda a saki anga, can gefe.

Hantsi ne, rana tas, amma iska ta fara kaɗawa. Sharfaddeen ya shigo da jirgin a hankali, yana kauce wa inda kumfar numfashin masu nutso ke tasowa, ya kai goshinsa tsakiyar hasken, ya ɗaga hannu. Hamidu ya leƙa ya ga rairayi fari sol. Ya waiwaya ya ga yara suna tsalle a bayan jirgi. Ya ji iska a wuyansa. Zuciyarsa ta ce masa, yanzu ka ɗaure 'ya'yan mutane a rairayi? Sai ya riƙe hannunsa, ya bari iska ta ɗan tura goshin jirgin zuwa bakin wani duhu, sannan ya saki. Ya ce mini a lokacin har daɗi ya ji, yana ganin ya gyara wa tsoho kuskure ba tare da ya kunyata shi ba.

Da jirgin ya ja baya sarƙa ta miƙe, sai wani gurzo ya biyo ta, gurr, gurr, har a tafin ƙafa ake jinsa. Sharfaddeen ya tsayar da jirgin cak, ya taho goshi.

"Ina ka saka ta?"

"Bisa dutse, Baba. Can ta fi kamawa."

Tsohon bai yi faɗa ba. Ya yi salati a hankali, ya shiga ciki ya ɗauko gilashin da masu nutso ke rufe ido da hanci da shi, ya miƙa masa. "Zo bayan jirgi ka kwanta a kan matakala, ka tsoma fuskarka. Ni zan riƙe maka ƙafa."

Wannan shi ne karo na farko da Hamidu ya buɗe ido a cikin ruwa tun da aka haife shi. Duk lokacin da ya zo nan a labarin, muryarsa takan sauka, ni ma nakan ajiye abin da ke hannuna.

Ya ce, "Suwaiba, gari ne. Wallahi gari ne, mu muna bisa rufinshi muna yawo ba mu sani ba."

Haske yana sauka igiya-igiya har ƙasa. Abin da ya ɗauka duwatsu ne ashe wasu halittu ne a tsaye, wasu sun yi rassa kamar ƙahonin shanu sun sarƙe da juna, wasu sun baje kamar faifai, wasu dunƙule. Akwai shuɗi, akwai ruwan ɗorawa, akwai launin da ya ce bai san sunansa da Hausa ko da Fulatanci ba. Kifaye garke-garke, ɗaruruwa, su taho su juya lokaci ɗaya ba makiyayi ba sanda. Wata kififiya mai faɗin daro ta wuce ta ƙarƙashinsa, ta dube shi da ido ɗaya, ta ci gaba da tafiyarta. Ya ce ya zaci shiru zai ji, ashe wurin ƙara yake yi ƙasa-ƙasa, tas-tas-tas, kamar ana suyar gyaɗa. Ya manta da tsoro, ya manta da numfashi, sai da tsohon ya jawo ƙafarsa.

Ya shaƙi iska ya koma. A leƙe na biyu ne ya bi sarƙar da ido. Inda ta bi ta share hanya, rassa a kakkarye, bakin karayar fari fat, gutsattsari a zube. Angar kuma ta cusa bakinta ƙarƙashin wani babban faifai ta tsaga shi biyu. Hamidu ya san wannan hoton. Haka gona take zama in garke ya ratsa ta.

"Baba, mi ya sa wurin karayar ya yi fari?"

"Ƙashinsa ne. Mai rai ne, ɗana, yana ci yana girma. Wanda ka tsaga ɗin nan ya girme ka, ya girme ni."

Ni kaina ban san haka ba sai da na ji daga bakinsa. Murjanin da na sani shi ne jan dutsen da ke wuyan Innata, wanda take cirewa ta ƙulle a tsumma. Ban taɓa kawo wa raina cewa danginsa suna can ƙarƙashin teku a raye, suna toho ba.

Sharfaddeen mutumin kirki ne, kuma kirkin ne ya sa ya ce abin da ya ce. Ya rage murya ya gaya masa cewa shi zai sauka ya kwance angar da hannu, su matsa kan rairayi, ba wanda ya gani. In kuwa aka kira masu gadi, za a hukunta mai jirgin, shi kuma zai kori Hamidu kafin ƙafarsa ta bushe. Ya tuna masa yana da iyali a gida.

Hamidu ya ce ya daɗe zaune a kan matakalar, ruwa yana ɗiga daga gemunsa. Sannan ya ce, "Baba, a gidanmu ba a jan shanu a bar gona. Kira mai gonar."

Tsohon ya dube shi, ya dube shi, ya tashi ya ɗauki oba-oba. Ba a jima ba wani ƙaramin jirgi ya iso da shugaban masu gadi, Haisam, siririn mutum wanda rana ta ƙona. Ya sauka ya kwance angar, ya fito da wani reshe a hannu yana juya shi. Bai zagi kowa ba, bai ko ɗaga murya ba. Hamidu ya ce da ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Abin da Sharfaddeen ya faɗa kuwa haka ya faru, suna komawa tasha aka miƙo masa jakarsa.

Mai hankali a nan sai ya nemi wani aikin ko ya kamo hanyar gida. Taubashina ya samu makwanci a unguwar su Sharfaddeen, ya riƙa zuwa ƙofar ofishin gandun kowace safiya yana zama. Haisam ya ce masa magana ta ƙare, mai jirgi ya gama da hukuma, shi ma ya kama gabansa. Washegari Hamidu ya dawo. Da abin ya yi yawa aka kira Sharfaddeen ya yi tafinta, Hamidu ya bayyana dokar Kawu tun daga tayar da kara har zuwa sallama. Haisam ya saurara har ƙarshe. Sai ya kai shi bayan ofis ya nuna masa wasu ƙarafa da aka lanƙwasa kamar ƙwarangwal ɗin bukka. Ya ce gutsattsarin da ba su mutu ba sukan tsince su, su ɗaure a jikin irin wannan ƙarfe, su ajiye a inda aka yi ɓarnar, in Allah ya so su kama.

"Dashe ke nan," in ji Hamidu. "To ni zan yi shi."

"Ka iya ruwa?"

"A'a."

Ya fara daga ruwa iya gwiwa, riƙe da igiya, masu nutso suna wucewa suna dariya. Yana ɗaukar musu tulun iska, yana wanke jirgi, har dai aka gaji aka ɗauke shi aiki. Ranar da ya fara sauka ƙasa da tulu a bayansa, Haisam ne ya riƙe hannunsa. Gutsattsarin da ya karya tuni masu gadi suka ɗaure su, don ba za su jira shi ya koyi iyo ba, amma renonsu ya dawo hannunsa. Ashe murjani ma yana da ciyawa, wani gansakuka ne da ke rufe shi ya kashe shi in ba a goge ba. Da tsohon buroshin haƙori ake gogewa. Da na ji haka na aika masa saƙo cewa duk zuriyar Kawu ba a taɓa yin wanda ya yi noma da buroshi ba sai shi.

Aikinsa na yau da kullum kuwa, shi ne tarar jiragen shaƙatawa a ƙaramin jirgi in sun shigo gandun. Ya nuna musu ƙwallon da za su ɗaure, in babu ya ja su har tsakiyar rairayi, ya tsaya sai ya ga angar ta kama, ya tabbata sarƙar ba za ta share komai ba in iska ta juya. Mutumin da ya rantse rairayi ba ya riƙe turke, shi ne ya koma yana nuna wa matuƙa rairayi da yatsa.

Da dashen ya fara kamawa, ya je wa Haisam ya ce to, a sallame shi. Haisam ya ce shi bai gane ba, ai ba wanda ya tsare shi. Hamidu ya sake bayani: mai gona ne zai ce ya tafi. Haisam ya ce, "Ba gonata ba ce. Ni gadi nake yi. Hukuma ma ba ita ta shuka ta ba." Ya faɗi gaskiyarsa ne, bai san ya ɗaure Hamidu da igiyar da ta fi sarƙar anga ba. In ba mai gona, wa zai sallame shi?

Nan ne ni kuma raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba. Murjani ba dawa ba ne da za a ce kaka ta yi, a shekara da ƙyar yake ƙara tsawon yatsa. Wata shekara ma ruwan ya yi zafi, rabin dashen ya yi fari ya mutu, ya sake sabo. Zahra'u da ya bari tana rarrafe har ta shiga Islamiyya. Fanta ba ta magana, irin matan nan ne masu haɗiye abu, ni kuwa ba a haife ni da wannan baiwar ba. Na karɓi wayarta na kira shi, ko gaisuwar kirki ban bari mun gama ba.

"Kai bawana, wai aljanun ruwa sun aure ka ne? Matarka na nan, ɗiyarka ba ta san fuskarka ba sai a waya, kai kana can kana ma dutse aswaki."

"Ba dutse ba ne, Suwaiba."

"Ko mi ne ne. Wa ya gan ka? Wa zai zo Batsari ya ce ɗan Hamma ya karya wani abu a ƙarƙashin teku?"

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Shanu sun tafi, ruga ta tafi. In na taho na bar wanga, mi ya rage na Baffa?"

Na dai ƙara masa baƙar magana biyu don kada ya ga ya ci ni, na kashe wayar, na shiga ɗaki na yi kuka. Haushinsa nake ji, kuma na san da Kawu yana raye da gefensa zai tsaya.

Bayan wata babbar Sallah, sai ga Fanta ta shigo gidana da sauri mayafi a hannu, ta ce Hamidu ya ce yana hanya. Ranar da ya iso, ɗan acaɓa ya sauke shi daga tasha, ya yi baƙi ya rame, gemu ya fara furfura. Aka yi gaishe-gaishe, maƙwabta suka shigo suka fita, aka yi wa mamata addu'a. Na daure har gida ya lafa, sannan na ja kujera na zauna gabansa.

"To, wa ya sallame ka? Ko gajiya ka yi?"

Ya ciro waya ya lalubo wani bidiyo da Haisam ya ɗauka, ya miƙo mini.

Gani ya kori ji. Duk abin da ya daɗe yana faɗa mini, ashe ko rabi bai faɗa ba. Shuɗin nan, da hasken da ke rawa a kan komai, da garken kifaye suna juyawa tare, na ce Subhanallahi ban san na faɗa ba. Ga wani kurmin rassa a tsakiya, ƙarfen ma ba a ganinsa, sun rufe shi. Ga wani mutum cikin baƙaƙen kaya da tulu a baya, yana shawagi a kwance cikin natsuwa, kumfa tana tashi daga bakinsa. Sai da na ga dogayen yatsun na yarda Hamidu ne. Ya matso da ɗan buroshinsa, ya miƙa hannu.

Sai wani ɗan kifi baƙi, bai fi goro ba, ya fito daga cikin rassan a guje ya cije shi a yatsa. Ya koma ciki. Hamidu ya sake miƙa hannu, kifin ya sake fitowa, wannan karon ya nufi gilashin fuskarsa ya buga, ya tsaya a gabansa ya baje 'yan fukafukansa, ya ƙi matsawa. Mutum ya fi shi girma sau dubu, ko a jikinsa. Na ga Hamidu ya janye hannun, ya tsaya yana kallonsa. Sannan ya ɗaga tafukansa biyu, ya ja da baya a hankali.

"Kifaye sun daɗe suna biyowa ta wurin," in ji shi, "amma duk 'yan wucewa ne. Wanga ya tare. Gidanshi ne, har da ɗan abin da yake kiwo a gindin rassan. Na zo noma, ya ce mani abin da Sule ya ce ma Baffa."

Na zo da dariyata a shirye, na yi shekaru ina tara ta. Na buɗe baki ta ƙi fitowa. Na mayar da bidiyon farko na sake kallo, na sake, ina kallon ɗan kifin nan yana korar ɗan Hamma daga gonarsa. Fanta tana bakin ƙofa tana share ido da gefen mayafi, Zahra'u ta leƙo ta kafaɗata tana tambaya ko kifin ya ji wa Baffanta ciwo.

Na ce Allah ya ji ƙan Kawu, suka ce amin. Na miƙa masa wayarsa na ce, "Sannu da zuwa, Sarkin Ruwa." Tun muna yara nake kiransa da sunan nan, ranar ce kaɗai na faɗe shi ban yi dariya ba.